Kwanon Inna da Injunan Tsallaken Kogi

Ni da kwanon nan sa'o'in juna ne, kwana ɗaya kacal na ba shi. Farin kwano ne mai jan baki da murfinsa, irin wanda ake zuba wa maigida tuwo. An haife ni a asibitin Birnin Gwari da tsakiyar damina, washegari kakata ta sayo shi sabo fil a kasuwa, ta cika shi da tuwon dawa ta aika wa Inna, mahaifiyata. A gadon da ke kusa da na Inna akwai wata mata 'yar Gbagyi daga wani ƙauye a bayan Kazage. Ita ma ta haihu, namiji, amma rafi ya cika ya raba ta da mutanenta, kwana biyu babu wanda ya leƙo ta. Inna ta yi loma uku ta tura mata kwanon. Da aka sallami matar sai ta tafi da shi, wai ba za ta mayar da kwanon mutane ba a wanke ba. Kakata ta yi sati uku tana mita, tana cewa sabon kwano ya yi ƙafa.

Ranar wata kasuwa sai ga matar a ƙofar gidanmu, goyo a baya, kwano a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, cike da ɗanyar kuɓewa. Inna ta juye ta wanke, ta ga ba zai yiwu baƙuwa ta koma hannu rabbana ba, sai ta cika shi da ƙuli-ƙulin da take yi na sayarwa. Ita kuma matar ba ta iya dawo da kwano wayam. Daga nan abin ya kama. Ita ce muka tashi muna kira Mama, kuma sai da na shiga firamare na gane ba 'yar'uwar Inna ba ce.

Shekara kusan arba'in kwanon yana kai-kawo tsakanin gari da daji. Babu wanda ya zauna ya kafa masa doka, amma yana da dokokinsa. Mama ba ta taɓa saka abin da ta saya ba, sai abin da gonarta ko dajinsu ya bayar: zuma, kaɗanya, ɗinya, barkono, riɗi, sabuwar doya a ɗaure a kan murfi don ba ta shiga ciki. Da Kirsimeti kaza take kawowa da ranta, ƙafafu a ɗaure, don Baba ya yanka da hannunsa. Inna kuma daddawa, man gyaɗa, da soyayyen naman layya. Baba, Allah ya jiƙansa, yakan ce kwanon nan ya fi direbobin tasha sanin ramukan hanyar Kazage.

Abin da muka fi jira shi ne kuɓewar. Doguwa ce mai jan kai, irin da Mama ta gada wurin uwarta, kuma yauƙinta sai ka ɗaga hannu ya wuce kanka kafin ya tsinke. Inna ta roƙi irin ya fi a ƙirga. Kullum amsa ɗaya: "In na ba ki iri, me zai ƙara kawo ni gidanki?" Inna ta ce mata marowaciya, ita ta ce wa Inna mai kwaɗayi, su kwashe da dariya su ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Ni kuma karatu ya kai ni Kaduna, aiki ya zaunar da ni. Ina wata ma'aikata da ke ajiye bayanan marasa lafiya na asibitoci da dama. Duk wanda ya yanki kati, sunansa da unguwarsa da abin da likita ya rubuta suna zuwa wurinmu. Manyan kwamfutoci ne ke riƙe da su, ba irin na kan tebur ba, kowace ta fi ni tsawo, an haɗa su suna aiki tare kamar guda. Mu dai injuna muke ce musu. Biyu suna gininmu, biyu suna wani gini a tsallaken kogi, kuma duk abin da aka rubuta a ɓangare ɗaya nan take ake kwafe shi zuwa ɗayan, don in gobara ta ci wannan ginin, bayanan mutane na nan a wancan. Aikina ke nan, kula da wannan kwafin. Sau ɗaya na nuna wa Inna hoton ɗakin a waya. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce ashe duk karatun nan gadin firji nake yi. Har yau haka take gaya wa maƙwabta, ni kuma na daina gyara mata, don ɗakin akwai sanyi kam.

Sai daji ya lalace. Ba zan tsaya ba da labarin ba, duk mai ɗan'uwa a yankinmu ya san shi. Ƙauyuka suka riƙa watsewa ɗaya bayan ɗaya, wata rana aka ce na su Mama ma ya tashi, kowa ya kama gabansa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Lokacin kwanon yana wurinta, don sati biyu kafin nan Inna ta ba ta shi da daddawa. Lambar wayarta ta daina shiga. Bayan wata uku wani mai sayar da gawayi ya tabbatar mana tana raye, ɗanta ya ɗauke ta zuwa Kaduna, sai dai bai san unguwar ba. Inna ta yi hamdala ta zauna jiran kira. Lambarta ba ta canja ba, kuma Mama ta haddace ta tun ranar da aka sayi wayar. Damina ta wuce, wata ta sake wucewa, shiru.

Inna ba mace ce mai cewa ta yi kewar mutum ba. Abin da take cewa shi ne, "Kwanona yana hannun mutane." In na kira ta, gaisuwa ba ta ƙarewa sai ta sako shi. Da na je gida hutu na tarar ta zube, rigunanta duk sun yi mata yawa. Ranar kasuwa ta shimfiɗa tabarma daidai inda take hango ƙofar zaure, wai iska take sha, alhali ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Da la'asar ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Ko dai wani abu na yi mata? Ko daddawar ce ba ta yi ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, da Mama, da dajin, da Inna ma da ta zauna tana tuhumar daddawarta. Na ce mata Kaduna ba Birnin Gwari ba ce da za a tsaya a bakin masallaci a tambayi gidan wance.

Ta ce, "To amfanin firjin naki me ne?"

Na ce wannan ba aikinsa ba ne. Ta taɓe baki ta naɗe tabarmarta.

Ina komawa bakin aiki injunanmu suka fara haki. A cikin kowane inji akwai abin da muke kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar da ke yin aikin. Muna da allo a bango mai nuna irin wahalar da yake sha: layi kore in da sauƙi, ruwan ɗorawa in aiki ya yi yawa, ja in ya kai maƙura. Shekara da shekaru layin yana kore. Sai aka kawo sabon tsari, aka ce daga yanzu ɓangarorin biyu duka za su riƙa karɓar aiki daga asibitoci, kowanne yana kwafe wa ɗan'uwansa. A da namu ne kaɗai ke karɓa yana aikawa tsallake. Satin farko lafiya lau. A na uku layin ya koma ruwan ɗorawa, a na biyar ya yi ja ya zauna daram. Abin haushin, marasa lafiya ba su ƙaru ba. Ko ranar Lahadi da rana, lokacin da asibitoci suka yi tsit, injunan na nan suna gurnani, fankokinsu na juyawa kamar za su tashi sama. Muka bincika abin da ke cinye ƙarfin, muka tarar aikin kwafi ne, wato nawa.

Wayar ofis ba ta huta ba. Nas-nas suna kira suna cewa katin da a da kafin ka ƙifta ido ya fito, yanzu sai ka ɗora ruwa ya tafasa bai fito ba, ga mata da goyo sun yi layi har bakin titi. Ogana dattijo ne mai haƙuri, in ransa ya ɓaci ba ya ɗaga murya, sai dai ya cire tabarau ya hau gogewa. Satin nan gilashin ya sha guga. Yakan tsaya a bayana ya ce, "Injiniya, me injunan nan naki suke ta kwafa haka?" Ni kuwa na zargi kowa da komai. Na zargi wayar da ta haɗa gine-ginen biyu, na zargi waɗanda suka sayar mana da injunan, na kira ma'aikacin tsallake na wanke shi tas a waya, bawan Allah yana ta ba ni haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Mutum ɗaya ce ban zarga ba, ita ce mai wannan bakin.

Wata Alhamis da hantsi na ce bari in daina kallon garke in bi akuya ɗaya. Wato in ɗauki kati guda in ga abin da ke faruwa da shi daga shigarsa. Muna da katunan gwaji masu sunayen ƙarya domin irin wannan. Kuma doka ce, na sa hannu a kanta da kaina, cewa ba a neman sunan wanda aka sani. Na san duk wannan. Amma maganar Inna ta firji tana ta yi mini yawo a ka, sai na ga yatsuna sun buga sunan Mama da sunan ƙauyensu. Ba zan yi ƙaryar cewa don aiki na yi ba.

Katin ya daɗe kafin ya fito, kamar kowane kati a satin. Ga shi nan: wani ƙaramin asibiti a tsallaken kogi, ciwon gwiwa, zuwa ɗaya wata guda da ya wuce. Ga sunan unguwa, an ƙara da cewa kusa da coci. Na rubuta a tafin hannuna da biro. Har zan rufe sai idona ya kai kan tarihin katin, inda ake jera duk canjin da aka yi masa. Na ja ƙasa, na ja, na ja, bai ƙare ba. Matar da ta je asibiti sau ɗaya, an taɓa katinta sau babu adadi, kuma ina kallo ana ƙara taɓawa. Suna bai canja ba, magani bai canja ba. Wani ɗan gurbi ne kaɗai ke canjawa, mai nuna lokacin da kati ya iso. Na gane gurbin nan sarai, don ni na yi shi.

Shekarun baya, lokacin da kwafi hanya ɗaya yake bi, na ƙara wannan gurbin a kowane kati, don injin da ya karɓa ya buga lokacin isowa. Babu wanda ya sa ni. Ni dai na ga bai kamata a aiko abu a karɓa a yi gum ba. Har yabo na sha a lokacin. Yanzu da hanya ta zama biyu, in kati ya isa tsallake sai injin can ya buga lokaci. Buga lokacin nan canji ne, canji kuwa dole a kwafe shi, sai katin ya dawo mana. Namu ya karɓa, ya buga nasa lokacin, ya mayar. Duk katin da aka taɓa sau ɗaya ya shiga wannan zirga-zirgar babu fita, kullum kuma sababbi na ƙaruwa. Na zauna ina kallon katin Mama yana tsallake kogi yana dawowa, na yi dariya har da hawaye ni kaɗai a ɗakin sanyi. 'Yar Inna ce ta yi wannan aikin, ba wata ba. Na koya wa injuna huɗu cewa ba a mayar da kwano wayam, su kuma suka riƙe tarbiyyar har tana neman kashe su.

Gyaran ba shi da wuya. Na sa duk abin da ya zo daga ɗaya ɓangaren ya zo da alama, wanda ya karɓa ya rubuta lokacin a wani wuri dabam da ba a kwafewa, ya yi shiru. Muka gwada, muka saka. Kafin a taso daga masallacin Juma'a layin ya sauko ya koma kore, fankoki suka lafa, har muna jin takun juna a ɗakin. Na kira ma'aikacin tsallake na ba shi haƙuri, abin da ya fi gyaran yi mini wuya. Sannan na shiga wurin oga na gaya masa abu biyu: yadda na gano matsalar, da katin da na gano ta a kansa. Ya daɗe yana goge tabarau. Ya ce, "Na farkon, sannu da ƙoƙari. Na biyun kuma za ki amsa a rubuce." Takardar gargaɗin tana cikin fayil ɗina har yau, kuma ban ga laifinsa ba.

Ranar Asabar bayan azahar na hau keke-napep na tsallake gada. A bakin cocin wata mai tuyar ƙosai ta ce, "Tsohuwar Birnin Gwari mai ciwon ƙafa? Gidan can mai baƙar ƙofa." Gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida an shafe ta da siminti daga bango zuwa bango. Ɗanta, wanda aka haife mu gado da gado, yanzu kafinta ne, shi ya fara gane ni. Mama na zaune a benci ta miƙe ƙafa ɗaya. Da ta gan ni sai ta ja gefen zani ta rufe fuska. Na durƙusa na gaishe ta, ta riƙe kaina da hannu biyu tana cewa, "'Yata, 'yata, wa ya nuna miki nan?" Duk hanya ina yi wa kaina faɗa cewa in bi ta a hankali. Ban kai ƙarshen gaisuwa ba na karya alkawarin.

"Mama, lambar Inna ta ɓace miki ne?"

Ta karanto mini ita tiryan-tiryan, ko tuntuɓe ba ta yi ba.

"To me ya hana?"

Ta waiwaya wajen ƙofar ɗakinta. Ta ce wa ɗanta ya jawo abin da ke ƙarƙashin gado. Ya fito da ƙunshin tsohon zani ya ajiye a gabanta, ta kwance, sai ga kwanon a wanke tas yana ƙyalli.

Ta ce, "In na kira ƙawata, in ce mata me? In ce kwanonki na nan? Me zan sa a ciki? Dubi tsakar gidan nan." Ta buga sandarta a kan simintin. "Ko ciyawa ba ta fita."

Ɗanta ya ce, "Na ce mata in sayo shinkafa mudu biyu a zuba, ta ƙi."

"Shinkafar kanti! Babu kanti a garinsu ne? Shekara arba'in ban sa mata abin saye ba, sai yanzu da na zama abin tausayi?"

Nan ne na ga dama ta samu in nuna ilimina. Na gyara zama na ce, "Mama, ki mayar da shi haka nan kawai. Jiya-jiyan nan na gyara wasu injuna da wannan ciwon ya kusa kashewa. Wannan ya aiko, wancan sai ya mayar da wani abu, babu mai yarda ya karɓa ya yi shiru. Da na koya musu su karɓa kawai, yanzu lafiyarsu lau."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Su injunan naki, tare suka yi naƙuda?"

Ɗanta ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa kunya ta koma mini fushi, na ce, "Inna na can ta rame tana zargin daddawarta, ke kina nan kina gadin kwano. Wallahi ku biyun nan kun ishe ni!" Ta sunkuyar da kai, nan take na yi da-na-sani. Na ɗauki kwanon don in sami abin yi da hannuna, sai na ji wani abu ya motsa a ciki. Na buɗe murfin. Ƙullin tsumma ne, bai kai dunƙulen hannu ba, toka na fitowa ta bakinsa.

Mama ta ce a hankali, "Irin kuɓewa ne. Ranar da muka gudu, shi na ɗauka da kwanon. Ko takalmi ban tsaya nema ba." Ta karɓi ƙullin ta riƙe. "Wannan na komawa gida ne."

Ɗanta ya kawar da kai. Ita da kanta ta ƙara da cewa, "Damina biyu ke nan yana kwance. Irin kuɓewa ba ya son dogon barci. In bai ga ƙasa bana ba, ya mutu." Babu wanda ya ce mata bana ma ba za a koma ba, ta fi mu sani. Duk tsawon bakina ban iya cewa ta ba Inna irin ba, don na san ba iri kaɗai zan roƙa ba. Can ta tambaye ni, wai aikin nawa me na ce ne ma. Na ce muna ajiye abu ɗaya a wuri biyu, nan da tsallaken kogi, don in wuri ɗaya ya ƙone ɗayan na nan. Ta ce, "Uhm." Ta mayar da ƙullin, ta rufe kwano, ta sa aka tura shi ƙarƙashin gado. Na miƙa mata waya ta yi magana da Inna, ta girgiza kai ta ce ba yau ba.

A bakin titi na kira Inna. Na ce na ga Mama, lafiyarta lau sai gwiwa. Tambaya ɗaya ta fara yi mini.

"Kwanon fa?"

"Yana nan a wanke."

"Fushi take yi da ni?"

"Kunya take ji, Inna. Ba ta da abin sawa a ciki."

"Kunyar me? Ja'irar mata." Na ji ta ja hanci, sannan ta kashe wayar.

Kwana goma bayan nan aka yi ruwan farko. Washegari da safe maigadi ya ce ana sallama da ni a ƙofar ofis. Kafintan ne, da ƙunshin tsohon zani a hannu. Ya ce, "Ta ce a gaya wa ƙawarta ajiya ce, ba kyauta ba. Kada ta shuka a inuwa, kada ta zuba takin zamani, kashin akuya ya isa." Na tambaye shi ko ta rage wani abu. Ya ce ta ba da duka, kuma tun da ta ɗaure ƙunshin ba ta yi wa kowa magana ba.

Na ɗauki hutun kwana uku na shiga motar safe. Wanda ya san hanyar Birnin Gwari a shekarun nan ya san yadda mota ke yin tsit in an shiga daji: direba ba ya rage gudu, fasinja kowa bakinsa na motsi. Dajin ya yi kore shar bayan ruwan, dajin da muka tashi muna tsintar ɗinya a bakinsa, yanzu ba mai son ya dube shi da yawa. Kwanon na kan cinyata. Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko abinci ne, na ce eh, amma bai nuna ba tukuna.

Inna ta karɓa ba ta ce mini sannu da hanya ba. Ta buɗe murfi, ta kwance ƙullin, ta sa yatsa a cikin tokar ta tono 'ya'yan. Na isar da saƙon kalma-kalma. Ta ce, "Shekara arba'in ina roƙo, sai da ta rasa yadda za ta yi. Marowaciya." Ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito fartanya ce a hannunta. Ta sa aka kai awakinta gidan maƙwabta, ta kafce turkensu da ke bayan madafa, inda rana ke wuni. Da za ta fara shuka sai ta tsaya ta ce, "Kira mini ita. Ban san tazarar da take bari ba." Na kira lambar kafintan. Bayan damina biyu na shiru, maganar farko da suka yi gardama ce a kan taku ɗaya ko taku ɗaya da rabi.

Tara ne kawai suka tsiro. Kullum da safe Inna ta kira ni ta ba ni rahotonsu kamar nas mai zagayen gadaje, wannan ya yi ganye huɗu, wancan tsutsa ta taɓa shi. Kajin unguwa suka ga tasku a hannunta. Da suka fara 'ya'ya ko ɗaya ba ta sa a tukunya ba, manyan ta bar su a jikin uwa suka bushe don iri, sauran ta yanka ta shanya ta daka. Da kaka ta cika kwano da garin, ta ɗora sabon ƙullin iri cikin toka a kai, ta ce da ƙafarta za ta kai. Wannan Innar ce da ta rantse ba za ta ƙara bin hanyar daji ba ko da bikina ne.

Na tarye ta a tasha muka tsallake gada. Na zaci za a yi kuka da rungume-rungume. Ina! Mama ta ce, "Kin tsufa." Inna ta ce, "Ke kuma zaman banza ya sa kin yi ƙiba." Ta ajiye kwanon a gabanta. Mama ta buɗe, ta ɗebi garin da yatsu biyu ta kai hanci, sai ta juya fuskarta bango. Muka bar ta. Da ta juyo ta ce, "Inuwa kika sa su, ƙanshin bai kai ba." Inna ta ce ƙarya take yi. A ranar aka kaɗa miyar, muka ci mu huɗu a tsakar simintin nan, yauƙin yana wuce kai kamar da.

Da muka tashi tafiya sai na tuna kwanon ya sake komawa hannun Mama, simintin kuma na nan yadda yake. Inna ma na ga ta tuna, tana ta cewa babu gaggawa, kwano ba ya ruɓewa. Mama ba ta kula ta ba. Ta kwance sabon ƙullin a kan tabarma, ta sa gefen hannu ta raba irin biyu. Rabi ta ɗaure a bakin zaninta. Ta juye sauran garin a robarta, ta zuba ɗaya rabin a kwanon, ta rufe, ta tura shi gaban Inna da sandarta.

"Wannan na komawa gida ne, in Allah ya yarda. Wancan kuma ajiya. Baɗi ki kawo mini."

A cikin keke, muna tsakiyar gada, Inna ta ce, "Kin gani ko? Ko kwana bai yi ba ta sake ɗora mini aiki. Matar nan ba ta da tausayi." Na dube ta, bakinta ya ƙi rufuwa don murmushi, ta danne murfin da hannu biyu kada gargada ta buɗe shi. Na miƙa hannu na ce ta kawo in riƙe mata. Ta buge mini hannu ta ce in je in riƙe firjina.